Faifan DNA a ɗakin gwaji: inda aiki ke lalacewa tun kafin a kunna sikana

Duk wanda ya shiga horon aiki da faifan DNA, wato maikro'are, hankalinsa na kan sikana, na'urar da ke ɗaukar hoton faifan. Ya ƙosa ya ga hoton nan mai ɗige-ɗigen ja da kore da rawaya. Alhali sikana 'yan mintoci take ɗauka, kuma ba ta gyara komai, abin da aka kai mata shi take nunawa. Abin da zai sa sakamako ya tsaya ko ya rushe an gama shi kwana biyu ko uku kafin nan, wani ma tun a gona ko a garke. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, don haka horon da ya ci rabin lokacinsa a gaban sikana ya bar jaki yana dukan taiki.

Faifan kansa ba abin kallo ba ne. Gilashi ne mai tsawon milimita 75 da faɗin 25, irin wanda ake ɗorawa a maikiroskof. A fuska ɗaya an dasa dubban guntayen zaren DNA layi-layi, kowane guntu an san jerin haruffansa, an san gurbinsa. Mu kira su ƙugiyoyi. Harafin A ba ya riƙe kowa sai T, shi kuma C sai G, saboda haka idan aka zuba samfurin da aka rina da rini mai ƙyalli, kowane zare zai je ya maƙale wa ƙugiyar da ta dace da shi. Ƙarfin hasken gurbi shi ne ma'aunin yawan abin da ya maƙale.

A 1995 Mark Schena da Patrick Brown da abokan aikinsu a Jami'ar Stanford ta Amurka suka wallafa gwajin da ya buɗe wannan fage, kuma da tsiro suka yi shi: ƙwayoyin gado 45 na Arabidopsis, ɗan tsiron nan dangin kabeji. Daga baya kamfanoni suka karɓe aikin. Ƙugiyoyin Affymetrix haruffa 25 ne, na Agilent 60, Illumina kuwa ta ɗora nata a kan ƙananan duwatsu kamar tsakiya, kowane yana zaune a cikin ɗan raminsa. Aiki iri biyu ake yi da su. Na farko a auna waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki a cikin ganye ko hanta, kuma da wane ƙarfi, wannan da RNA ake yin sa, wato kwafin saƙon da ƙwayar gado ke fitarwa idan tana aiki. Na biyu a karanta bambancin harafi guda tsakanin dabba da dabba ko iri da iri, wanda ake kira SNP, wannan kuma da DNA. Gaskiya ita ce na farkon ya ja baya tun da karanta jerin RNA kai tsaye ya yi araha. Na biyun kuwa har gobe masu inganta iri da masu kiwo suna kansa. Duk da haka na farkon ya fi koyar da hannu, domin wanda ya iya kula da RNA ba abin da DNA zai gagare shi.

A fara da takarda da biro. A ce ana son ganin yadda wake ke amsa fari: wasu tukwane ana ba su ruwa, wasu an hana su. Maimaici na gaskiya shi ne tukunya daban, tsiro daban. Idan aka tsinke ganye ɗaya aka raba RNA ɗinsa gida uku, fifet ɗinka, abin auna ɗigon ruwa, ka gwada, ba waken ba. Uku a kowane ɓangare shi ne mafi ƙaranci, huɗu ko biyar sun fi kwanciyar hankali. Sannan lokacin tsinka. A Arabidopsis kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwayoyin gadon da ke aiki suna hawa da sauka ne bisa agogon yini. Wanda ya tsinke masu ruwa da ƙarfe 8 na safe, ya dawo bayan azahar ya tsinke na fari, bambancin safe da rana zai auna, ya kira shi fari. A dabba ma haka: jinsi, shekaru, da tazarar da ke tsakanin cin abinci da ɗibar samfur duk sai an daidaita.

Kuskuren da ya fi wannan yawa shi ne na zubi. Faifan Agilent mai fili huɗu, kowane fili da ƙugiyoyi kusan 44,000, yana ɗaukar samfur huɗu idan rini ɗaya ake yi. Mai koyo sai ya jera masu ruwa duka a faifan Litinin, na fari duka a faifan Laraba, don ya fi sauƙin rubutawa. Shi ke nan ya ɗaure kansa, babu lissafin da zai raba masa tasirin fari da tasirin rana. Kowane faifai a sa masa biyu daga nan, biyu daga can, a kuma cakuɗa su tun daga ranar fitar da RNA. Idan rini biyu ake yi, Cy3 mai bayar da kore da Cy5 mai bayar da ja, a fili guda, to a musanya: samfurin da ya sha Cy3 a wannan fili, takwaransa ya sha Cy5 a na gaba, domin rinin biyu ba sa shiga zare daidai wa daida, kuma ba sa dushewa tare.

Sai RNA, inda ya kamata a daɗe.

Abokin gabar RNA shi ne inzayim ɗin RNase, furotin mai yayyanka shi, kuma yana ko'ina: a fatar hannu, a gumi, a ƙura. Tukunyar turara kayan aiki ba ta gamawa da shi. Shi ya sa ake sa safar hannu a canza ta da zarar an taɓa ƙofa ko waya, a yi amfani da bakin fifet mai matata, kayan gilashi da turmi a gasa su a digiri 180 na awa huɗu ko fiye. Ganye daga tsinka sai cikin ruwan naitirojin, ba a ajiye shi a kan benci ana neman alƙalamin rubuta lamba. Tub a rubuta masa lamba tun kafin a fita. Inda babu ruwan naitirojin, kamar a rugar da ke nesa da gari, ruwan adana samfur mai suna RNAlater na fid da kai: a yanka naman ƙasa da rabin santimita a kauri, a nutsar da shi cikin ninki biyar na ruwan. Amma a lura da iyakarsa. Yana riƙe samfur kamar mako guda a digiri 25, kwana ɗaya tak a digiri 37. A zafin watan Afrilu, cikin but ɗin mota, kwana ɗayan nan ma ba tabbas, sai da kula da ƙanƙara.

Niƙa ana yin ta a ɗan turmin tangaran da aka riga aka sanyaya, ana ƙara naitirojin kafin ya ƙafe. Garin ya zama kamar hoda, kuma ya kasance fari-fari kore. Da ya fara yin duhu yana liƙewa a taɓarya, ya narke, RNase ya farka. A kwashe miligiram 50 zuwa 100 a zuba cikin mililita 1 na TRIzol, ruwan fitar da RNA, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi domin finol ɗin ciki yana ƙona fata. A ƙara kulorofom mililita 0.2, a girgiza, a juya a santirifuj, injin da ke wulwula tub, da ƙarfin g 12,000 na minti 15 a digiri 4. Zai rabu hawa uku: ja a ƙasa, fari a tsakiya, ruwa garau a sama. RNA na cikin na saman. Nan kwaɗayi ke cin mutane. Mai koyo na son ya tsotse ɗigon ƙarshe, sai bakin fifet ya taɓi farin tsakiya ya kwaso DNA da furotin. A bar kashi ɗaya cikin biyar a wurin, ba asara ba ce. Daga nan aisofurofanol mililita 0.5, a wanke da etanol mai kashi 75, a bar dunƙulen RNA da ya kwanta a gindin tub ya sha iska 'yan mintoci. Idan ya bushe ƙayau ya zama kamar gilashi, narkar da shi sai an sha wuya. A ƙarshe a bi shi da DNase, inzayim mai cinye ragowar DNA.

Wannan hanyar na yi wa hanta, tsoka da ganyen masara. Ba ta cika yi wa rogo, doya, auduga da tsohon ganyen itace ba, saboda sitaci da yauƙi da sinadaran da ke sa yankakkiyar doya ta yi baƙi. Alamar ita ce dunƙule mai santsi kamar kuɓewa, ko mai launin ƙasa. Irin waɗannan sai bafar CTAB, wato ruwan haɗin sinadarai, mai ɗauke da PVP kashi 2 da makaftoyitanol kashi 2, a dumama ta a digiri 65, sannan a kwantar da RNA da lityam kulorayid kwana guda a firij.

Awo biyu ake yi, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Na'urar NanoDrop, mai auna hasken da samfur ke sha, tsabta take faɗa: rabon awon nanomita 260 da na 280 ya kai kusan 2.0, na 260 da 230 ya haura 1.8. Idan na biyun ya faɗi, ragowar finol ne ko gishirin guwanidin ko sitaci, kuma su ne ke shaƙe inzayim a matakin rini. Sai dai RNA ɗin da ya ragargaje gaba ɗaya ma zai iya ba da 2.0 cif. Lafiyar zare sai jel ko na'urar Bioanalyzer, mai ba da makin RIN daga 1 zuwa 10. Ƙasa da 7 a sake fitarwa. A zanen da take fitarwa, a dabba ana neman tsauni biyu, 18S da 28S. A koren ganye 18S da 25S ne, ga kuma ƙarin tsaunuka na RNA ɗin kulorofilas, wato gidan koren ganye, waɗanda manhaja kan ɗauka ɓaraguzai ne ta rage maki. A duba zanen da ido kafin a zubar da samfur mai kyau. Abin da ya sa aka nace: rini na farawa ne daga wutsiyar zare, idan zaren ya tsinke a tsakiya, ƙugiyoyin da ke can wajen kai ba za su ga komai ba, sai a ɗauka ƙwayar gadon ce ta yi shiru.

A tsarin Agilent, nanogiram 50 zuwa 200 na RNA sun isa. Kafin komai ana zuba masa wasu zarurrukan RNA guda goma na haɗi waɗanda aka san yawansu, su ne shaidu: idan a ƙarshe haskensu bai jeru daga ƙarami zuwa babba ba, matsalar a benci take, ba a tsiro ba. Ana mayar da RNA zuwa cDNA, wato kwafinsa na DNA, a digiri 40 na awa 2, a kashe inzayim a digiri 70 na minti 15, sannan inzayim ɗin T7 ya yi ta kwafa na wasu awa 2 a digiri 40 yana cusa rini. Daga nan tub na naɗe cikin takardar alminiyam, domin haske na cin rinin. Bayan tacewa sai lissafi. A ce NanoDrop ya nuna nanogiram 100 a kowace maikrolita, Cy3 kuma fikomol 1.2, an kuma tace cikin maikrolita 30. An samu maikrogiram 3 ke nan. Ƙarfin rini kuwa 1.2 a raba da 100 a ninka da 1,000, ya ba da 12. Faifai mai fili huɗu na buƙatar maikrogiram 1.65 da ƙarfin rini aƙalla 6. Wanda bai kai ba kada a hau da shi. Faifai ya fi sake rini tsada nesa ba kusa ba.

Kafin zubawa ana gutsuttsura zaren a digiri 60 na minti 30, kuma 30 ɗin da agogo ne, a ɗora kan ƙanƙara minti 1, a ƙara bafar haɗi wadda ke tsayar da yankan. Ba a girgiza ta da inji, tana da sabulu, kumfa za ta yi. A gauraya da fifet a hankali, a juya minti 1 a santirifuj.

Matakin mannewa, wanda a ɗakin gwaji ake ce wa haib, shi ne inda hannu ke rawa. Ana kwantar da gilashin gaskit, mai robar da ta zagaye kowane fili, a gindin akwatin ƙarfe, a ɗiga maikrolita 100 a tsakiyar kowane fili, ko 40 idan mai fili takwas ne, ba tare da ruwan ya taɓa robar gefe ba. Sai a kifa faifan a kai. Fuskar da aka rubuta Agilent ita ce mai ƙugiyoyi, ita ke kallon ƙasa, mai lambobi na kallon sama. Wanda ya juya su ya yi wa bayan gilashi wanka na awa 17. Da an kifa ba a sake ɗagawa, ba a kuma zamar da shi gefe. A ɗaure akwatin da hannu, a tsai da shi a juya shi kamar sitiyari ana kallon ƙwayar iskar da ke ciki. Ana son ta, ita ce muciyar da ke motsa samfur dare guda. Wadda ba a so ita ce mai zama wuri ɗaya, domin duk ƙugiyoyin da ke ƙarƙashinta ba za su ga samfur ba, a hoto sai a ga baƙin da'ira. A ɗan buga akwatin a kan benci har ta motsa. Sai oben: digiri 65, juyi 10 a minti, awa 17, a sa wani akwati a ɗaya gefen don nauyi ya daidaita. Idan zafi ya sauka, zarurruka za su riƙe ƙugiyoyin da ba nasu ba. Idan juyi ya tsaya, rabin fili ne zai yi haske. Inda ake ɗauke wuta, oben ɗin ya kasance a kan inbata, a kuma gwada shi dare guda babu faifai kafin ranar aiki. A daren ne kuma ake sa bafar wanki ta biyu a digiri 37, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanki minti biyu ne kacal, amma yana iya cinye aikin mako. A raba faifai da gaskit a nutse cikin bafa ta ɗaya, kada iska ta taɓa fuskar. Minti 1 a bafa ta ɗaya da zafin ɗaki, minti 1 a ta biyu mai ɗumi, sannan a zaro shi sannu a hankali yadda ruwan zai zame da kansa. Fizga na barin ɗigo, ɗigo na bushewa ya bar zane. Kwanonin wankin nasu ne su kaɗai, ba a wanke su da omo, domin ragowarsa na ƙyalli a sikana, tataccen ruwa kawai ake ɗauraye su da shi. Ƙura ma na ƙyalli, don haka lokacin hunturu taga a rufe. Cy5 kuwa na da wani maƙiyi da ba a gani, iskar ozon. Kashi 5 zuwa 10 cikin biliyan ya isa ya kashe jan busasshen faifai cikin ɗan lokaci. Tana yawaita da rana tsaka a gari mai hayaƙin motoci, injin fotokofi da fitilar kashe ƙwayoyin cuta ma na fitar da ita. Idan hoto ya fito kore shar, musamman a gefe, a tuhumi ozon kafin a tuhumi tsiro. A yi wanki da sassafe, a kai sikana nan take.

Sikana na haska Cy3 da leza mai nanomita 532, Cy5 da mai wajen 635. A hoto mai bit 16 haske ba ya wuce 65,535, duk gurbin da ya kai nan ya cika ya tumbatsa, ba a san ainihin yawansa ba. A duba kusurwa huɗu a tabbatar ragar da manhaja ta shimfiɗa ta hau kan ɗige-ɗigen daidai, in ta goce da layi ɗaya kowace ƙwayar gado ta ɗauki sunan maƙwabciyarta.

Lissafi kuma horo ne mai zaman kansa, da manhajar R da limma aka fi yin sa. Abu ɗaya dai ba a tsallake shi: ƙugiyoyi 44,000 a ma'aunin 0.05, wato yarda da kuskure 5 cikin 100, za su ba da wajen 2,200 da za su yi kamar sun bambanta ko da babu bambancin komai. Dole a tace da gyaran Benjamini da Hochberg, a kuma tabbatar da wasu da qPCR, wata hanyar auna ƙwayar gado ɗaya-ɗaya. Ɗanyen bayanin ana ajiye shi a rumbun intanet na GEO ko ArrayExpress bisa ƙa'idar MIAME ta 2001, mai tsara bayanin da za a bayar kan gwajin. Wanda kuma ya ari faifan wani tsiro, kamar yadda aka taɓa gwada wake a faifan waken soya, ya sani cewa gurbi mai duhu na iya nufin ƙwayar gadon ba ta aiki, yana kuma iya nufin haruffan ne ba su zo ɗaya ba.

Faifan SNP ya fi haƙuri. Busasshen ganye a silika, guntun kunne, gashin jela da aka tuge da saiwarsa, ko jini a tub mai shunayyar murfi duk suna yi. A guji tub mai hefarin, wani maganin hana jini daskarewa. Kaza ɗan ɗigon jini ya ishe ta, tunda jajayen ƙwayoyin jinin tsuntsu na ɗauke da DNA, saɓanin na saniya. Tsarin Infinium na Illumina na son nanogiram 200, wato maikrolita 4 masu nanogiram 50 kowace, kuma a auna da PicoGreen ko Qubit, masu auna DNA kaɗai, domin NanoDrop na haɗawa da RNA ya kumbura adadi. Kwana uku ake yi: ninka DNA awa 20 zuwa 24 a digiri 37, gutsuttsurawa, mannewa awa 16 zuwa 24 a digiri 48, sannan ƙara harafi guda mai rini. A manhajar GenomeStudio kowane SNP na fitowa tari uku, AA da AB da BB, inda A da B ke nufin haruffa biyun da gurbin ke iya ɗauka. A wake, mai barbarar kansa, tarin tsakiya kusan fanko ne, idan iri ya fito da AB da yawa to ko gauraye yake ko an haɗa ganyen tsiro biyu. A gyaɗa, mai ninki huɗu na kayan gado, tarin na matsewa kusa da juna, sai an bi su da ido. Babbar ɓarna a nan ba ta sinadari ba ce, musanyar samfur ce. Farantin rami 96 a bar masa rami guda fanko a kusurwa ɗaya don a gane in an juya shi, a maimaita dabba ɗaya sau biyu, a kuma gwada jinsin da SNP ya nuna da wanda aka rubuta a littafi.

Wake na da faifansa mai SNP 51,128 da aka bayyana a 2017, kuma irin da aka ɗauka ma'auni wajen karanta kundin gadon wake, IT97K-499-35, na cibiyar binciken noma ta IITA ne, mai jure wuta-wuta. Gyaɗa na da nata na tsarin Axiom mai kusan 58,000. Shanu ne ke da ƙura a baya. BovineSNP50 mai SNP kusan 54,000 an zaɓo mafi yawansu ne daga shanun Turai marasa tozo irin su Holstein da Angus. Aka ɗora Bunaji ko Bokoloji ko Rahaji ko Azawak a kai, dubban gurabe za su fito iri ɗaya a duk garken, ba don shanun ba su bambanta ba, sai don inda suka bambanta ba a dasa masa ƙugiya ba. Da an tace waɗanda harafinsu na biyu bai kai kashi 5 cikin 100 ba, adadi zai zube sosai, kuma duk kwatancin da ya ce Holstein ta fi Bunaji yalwar gado daga wannan faifan, faifan ya auna. BovineHD mai fiye da 777,000 ya fi ɗaukar masu tozo, akwai kuma faifan da aka tsara musamman don su. Kafin a biya kuɗin faranti goma, a aika dabba 24 tukuna, a ƙirga gurabe nawa ne suka motsa.